Shekarar da Na Sauke Tukunyar Madara

Akwai wata magana da na daɗe ina jin tana yawo a tsakaninku, musamman ku mata, wai Bilkisu matar yayanku ita ta raba ni da sana'ata. Ban taɓa tsayawa na amsa ba, domin a lokacin hankalina na wani wuri, daga baya kuma sai na ga kamar maganar ta mutu. Ashe ba ta mutu ba, tunda a sunan da aka yi kwanan baya na ji an sake taɓo ta ƙasa-ƙasa a bayan ɗaki. To yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni wuri ɗaya, auta Hauwa ta kawo mini littafi da biro, bari in faɗa muku yadda aka yi da bakina.

Kun tashi kun tarar da ni ina tuwon madara da alawar madara da gullisuwa. A Kontagora da wuya a yi biki a unguwanninmu ba a turo mini ba, har daga Rijau da Beri ana aiko saƙo ta hannun direbobi. Manyan tukwanena uku ba sa hucewa. Ƙamshin madara ya kama labulen ɗakina, ya kama zannuwana, har babanku Alhaji yana cewa ko a cikin taron mata dubu aka rufe masa ido, da hanci zai gano ni. Ina alfahari da wannan sana'a, ba zan ɓoye ba. Da ita aka san ni, da ita nake shiga kowane gida kai a ɗage.

Sai Allah ya ba yayanku 'yar fari, aka sa mata sunana, ana kiranta Ummi. Tun a yaye likita ya ce jikinta ba ya karɓar madara da ƙwai ko kaɗan. Bilkisu ta zo har ɗakina ta durƙusa ta yi mini bayani, na ce to, Allah ya sawwaƙe. Amma a raina na ɗauka borin jini ne irin na yara, da kuma tsoron iyayen zamani. Ni da na raini bakwai da madara, wa zai koya mini?

Ranar wata ƙaramar Sallah da hantsi, Ummi tana da shekara uku da 'yan watanni, ta biyo ni kicin ta riƙe mini zani tana kallon tukunya. Ga abin da ba ku sani ba. An gaya muku ta tsinci guntun alawa ne a ƙasa. Ba tsinta ta yi ba. Ni na kankaro ƙasan tukunya, abin da bai kai kan yatsa ba, na sa mata a baki da hannuna. Ina ɗagowa muka haɗa ido da Bilkisu tana tsaye a bakin ƙofa. Kafin a je ko'ina leɓen yarinyar ya kumbura, idanunta suka rufe, numfashinta ya koma kamar ana busa ƙaramin usur. Kwananta biyu a asibiti. Da yayanku ya tsare matarsa da tambaya a gabana, ransa a ɓace, na buɗe baki zan yi magana, sai ta riga ni.

"A ƙasa ta tsinta. Ni ce na yi sakaci, na ɗauke ido daga kanta."

Ya yi mata faɗan da bai taɓa yi mata ba, ta sunkuyar da kai ta shanye. Ni kuma na yi shiru, kuma wannan shirun ya fi komai nauyi a cikin abin da na ɗauka a rayuwata. Shi yayanku na gaya masa gaskiya daga baya. Ku ne ban gaya wa ba sai yau.

Bayan an sallame su, Bilkisu ba ta fasa zuwa gaishe ni kowace Juma'a ba, amma ita kaɗai take zuwa. Ba ta taɓa ce mini ga dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Idan kewar takwarata ta ishe ni sai in yi wanka, in sauya kaya tun daga ɗankwali, in tafi gidansu hannu biyu babu komai. Ni da nake cika jakar 'ya'yan mutane da alawa, ga ni zaune a gaban jikata ba ni da abin miƙa mata. Wata rana tana wasa da awarwarona sai ta ɗago ta ce yaran makarantarsu sun ce kakarta ce mai alawa, ta tambaye ni ina tata. Na ce mata tana nan zuwa. A kan hanyar komawa gida ina bayan mai babur, hawaye na zuba, ban ma san irin alƙawarin da na ɗauka ba.

Washegari na wanke tukwanen nan uku na kife su. Alhaji ya fito zai tafi kasuwa ya gan su, ya tambaya ko lafiya. Na ce masa madara ta gama shigowa gidan nan. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in yi tunani, domin ya san ni, in na zauna babu aikin hannu gidan ba zai zaunu ba. Na ce na riga na yi tunanin. A satin ne ƙawata Hajiya Talatu ta zo da maganar bikin 'yarta, wanda tun yarinyar tana goye na yi mata alƙawarin ni zan yi kayan zaƙinta. Na ba ta haƙuri, na haɗa ta da wata da na koya wa sana'ar. Ta tashi ta yafa gyalenta ba ta ko sha ruwan da aka kawo mata ba. Har ta koma ga Allah gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Tukwanen kuwa na aika wa ƙanwata a Beri. Ranar da aka ɗora su a mota na shige ɗaki don kada in ga fitarsu. Duk wannan Bilkisu ba ta sani ba sai da aka gama.

Wata biyu na yi ina zagaye tsakar gida kamar baƙuwa. Sai wata la'asar Hauwa, lokacin tana kwalejin horon malamai, ta zo ta zauna kusa da ni ta miƙo mini wayarta. Wata Baturiya ce a ciki tana ɓare lemu sala-sala, tana tsoma kowace sala cikin wani abu baƙi mai sheƙi, tana jerawa. Hauwa ta ce cakulan ne, amma na gida, babu madara, babu ƙwai, babu komai na dabba a ciki, kuma ba a ɗora shi a wuta. Garin koko ne, wato na 'ya'yan itacen da ake cakulan da su, da man kwakwa da abin zaƙi. Na ce ta maimaita mini, ta maimaita. Na sa ta sake kunnawa har sau biyar. Ba wuta, ba tukunya! Ke nan babu wani tsohon kwano ko muciya da ta taɓa ganin madara da za ta kusanci abin. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba, na ce wa Hauwa wannan ita ce alawar Ummi.

Cakulan na kanti duk da madara a ciki, garin cakulan na gwangwani ma haka, don haka na ce 'ya'yan kokon nake so da kansu. Na roƙi Alhaji ya yi wa abokinsa mai fataucin goro magana ya taho mini da koko daga kurmi. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ga gero a rumbu, ga mai koko a ƙofar gida kullum safe, me zai kai mutum kurmi neman koko? Sai da Hauwa ta nuna masa hoton itacen. Bayan sati uku aka sauke mini ƙullin 'ya'yan koko busassu, masu wani tsami-tsami a hanci. Na ɓare ɗaya na tauna, ɗaci ya kama mini harshe har cikin kunne, amma a bayan ɗacin akwai wani ƙamshi da ban taɓa ji ba. Na tsaya a tsakar gida ina taunawa ina murmushi ni kaɗai.

Na je kasuwa na sayo komai sabo: turmi, taɓarya, rariya, kwanukan tangaran, cokula, har da dutsen niƙa. Na share ƙaramin ɗakin ajiya na ce kowa ya shiga da ƙoƙon shayi ni da shi ne. Muka ɓare 'ya'yan kokon ɗaya bayan ɗaya har farcena ya yi baƙi, na daka, na niƙa a dutse, na sake niƙawa, har ya fara fitar da maiƙonsa yana laushi. Sukari ya ƙi, domin in ba a narka shi a wuta ba sai ya riƙa ƙaras-ƙaras a haƙori kamar yashi. Na koma dabino. Na jiƙa shi na dama na zuba, nan take haɗin ya cure ya zama kamar taɓo. Sau uku ina asarar koko kafin na gane ruwa ne abokin gabarsa. Sai na cire ƙwallon dabinon, na shanya shi a rana ya bushe ƙarau, na daka na tankaɗe ya zama gari. Haka lemun ma, na koyi in zaɓi tanjarin mai saurin ɓaruwa, in cire zaren jikinsa ba tare da na huda fatar ba, in bar shi ya sha iska a inuwa kafin a tsoma. Alhaji ne ɗan ɗanɗano. Duk abin da na miƙa masa sai ya rufe ido ya haɗiye ya ce an kusa.

Lokacin sanyi ya shigo, lemu ya cika kasuwa. Wata safiya bayan na idar da sallah na ɗora kwanon man kwakwa a rana ta farko ya narke, na haɗa, na tsoma sala goma sha biyu na jera a kan ganyen ayaba. Kafin in gama sharar tsakar gida na leƙa, sai na ga sun daskare, suna ƙyalli. Na ɗauki ɗaya na ciza. Ɓawon cakulan ya fashe ƙas, ruwan lemu mai sanyi ya cika mini baki, zaƙi da ɗaci da tsami duk a lokaci ɗaya. Wallahi guɗa na yi, ni da nake da jikoki, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko haihuwa aka yi. Alhaji ya ci uku a tsaye bai rufe ido ba. Na rufe sauran na ce da la'asar zan kai wa Bilkisu ta gani. Da azahar na buɗe, na tarar da lemuna tsirara suna iyo a cikin baƙin ruwa. Man kwakwa ba ya jure ranar Kontagora. Firji kuwa kun san halin wutarmu, ta zo yau, sai kuma an gan ta.

Wadda ta fitar da ni ita ce Saratu. Badukkiya ce a ƙabila, daga wajen Rijau, Kirista, mun saba tun muna amare lokacin da take kawo man kaɗanya gida-gida, daga baya suka dawo cikin gari da zama. Ta zo gaishe ni ta tarar da ni na zuba wa kwano ido. Na ba ta labari tun daga farko, har da abin da ban gaya wa kowa ba. Ta lakaci haɗin ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, sannan ta ce da Hausarta mai daɗin nan:

"Maman yara, ke da kike zaune a ƙasar kaɗe kike neman man da zai tsaya? Namu ko a kasuwa da rana tsaka yana zaune abinsa. Mu da shi muke miya tun kakanni."

Na ce warinsa fa? Ta ce wannan na masu gaggawa ne. Bayan kwana huɗu ta dawo da wani man kaɗe a cikin sabuwar ƙwarya, fari sol, wanda ta zaɓi 'ya'yan da hannunta, ta wanke shi ruwa bayan ruwa har sai da in ba ka kai hanci kusa ba ba za ka ji komai ba. Hauwa ta ce ai shi man kaɗe da wuta ake fitar da shi, ita kuwa Baturiyar ta ce ɗanye. Saratu ta ce a gaida Baturiya, amma ita a sabuwar tukunya ta yi nata. Muka sa shi a kwano muka rufe da faranti muka ajiye a rana, muka zauna a inuwa muna leƙawa kamar masu jiran amarya. Da ya narke muka gwada shi zalla, ya yi nauyi a harshe. Muka rage, muka sa man kwakwa kaɗan, ɗan gishiri a bakin yatsa, sannan Saratu ta kawo shawarar a goga ɓawon lemun tsami a barbaɗa a kai tun bai daskare ba. Muka jera a faranti, muka saka cikin sabuwar randa marar ruwa da muka binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi. Azahar ta yi muka buɗe, suna nan. La'asar ta yi, suna nan daram, koren ɓawon nan a kan baƙi kamar an yi musu ado. Muka rungume juna ni da Saratu muna tsalle, tsofaffi biyu, ɗankwalina ya faɗi ƙasa. Alhaji ya ce in da ya san haka za a yi da ya gayyato makaɗa.

Ranar Juma'a da Bilkisu ta zo gaisuwa, ban miƙa mata komai ba. Na kama hannunta na kai ta ɗakin, na nuna mata turmin da dutsen da kwanukan, na gaya mata ranar da na sayi kowanne. Na sa Hauwa ta rubuta mata duk abin da ke ciki a takarda. Sannan na yi komai a gabanta tun daga ɓare lemu. Ta tsaya tana kallo, sai da na gama ta tambaya ina manyan tukwanen. Na ce suna Beri. Ta juya fuska wajen bango ta daɗe a haka. Da ta juyo ta ce za ta kai wa likita takardar, in ya yarda to, in bai yarda ba in yi haƙuri. Na ce ko ni abin da zan ce ta yi ke nan. A nan ne, a cikin ɗakin nan mai ƙamshin koko, na roƙe ta gafarar abin da ya faru ranar Sallah. Ta ce ita ta yafe tun a asibiti, tsoro ne kawai ya ƙi barinta.

Likita ya duba ya ce bai ga abin da aka hana ta a ciki ba, amma a fara da ɗan kaɗan, da rana, magani yana kusa. Ranar Asabar da hantsi na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Tun asuba na share gidan sau biyu, na sa sabuwar atamfa. Ummi ta shigo da gudu, wata tara rabon ƙafarta da tsakar gidan nan, ta tsaya tana waige-waige kamar tana neman abin da ya canza. Bilkisu tana biye da ita, jakar magani a rungume a ƙirjinta, yayanku kuma ya ƙi zama, ya tsaya a bakin zaure da makullin mota a hannu. Na ɗauko farantin daga randa, amma ban ba yarinyar da hannuna ba. Na miƙa wa uwarta. Bilkisu ta gutsuri ɗan ƙarami ta shafa mata a leɓe, ta duba agogo. Muka zauna. Ban taɓa sanin rabin awa tana da tsawo haka ba. Alhaji yana jan carbi, Saratu da ta zo tun safe tana addu'arta ƙasa-ƙasa, ita kuwa Ummi sai lasar leɓe take tana tambayar saura. Uwarta ta duba bakinta, ta ɗaga rigarta ta duba ciki da baya, ta kara kunne a ƙirjinta. Sannan ta ɗauki sala guda cikakkiya ta ba ta.

Ta cusa duka a baki. Idanunta suka zaro lokacin da ruwan lemun ya fashe, ya gangaro mata ta haɓa har kan riga. Ta tauna, ta haɗiye, ta dube ni da baki baƙi ƙirin.

"Hajiya, wannan tawa ce?"

"Taki ce, takwara."

"Ni kaɗai?"

Na ce ita kaɗai, sai wanda ta ga dama ta sammasa. Ta yi tunani sosai, sannan ta ɗauki ɗaya ta kai wa babanta a zaure, ta dawo ta ja farantin gabanta ta kare shi da hannu biyu. Alhaji ya ce shi da ya sha ɗacin gwaji wata da watanni ko tayi ba a yi masa ba. Dariyar da aka yi a gidan nan ranar har yanzu ina jin ta.

Ban mai da ita sana'a ba, ko da yake an yi ta roƙo. Abu ne da ba ya son nisa, ba ya son jira, kwana biyu ya wuce lemun ya saki. Na kan yi wa masu ciwon da aka hana su madara in sun aiko, na koya wa duk wadda ta zo da niyyar koyo, Saratu kuma ta samu masu neman farin manta har ta kasa wadatar da su. Sunan da nake da shi a gidajen biki ya tafi, wasu suka maye gurbin, kuma akwai ranakun da in na ji ƙamshin madara daga gidan wani sai ƙirjina ya yi nauyi. Ba zan ce muku ban ji ba.

Amma bari in ƙarasa muku ranar Asabar ɗin. Bayan azahar, an sake jira an ga lafiya lau, yayanku ya ce su tafi. Ummi tana ɗakin ajiya tana jera mini ɓawon lemu a kan ganye, wai ita ma aiki take yi. Bilkisu ta miƙe ta yafa mayafinta, ta leƙa ta kalli 'yarta, ta daɗe tana kallo. Sai ta zo ta durƙusa a gabana, ta buɗe jakar nan da ba ta sake ta ba tun safe, ta nuna mini maganin, ta gaya mini yadda ake ba da shi da lokacin da ake bayarwa, ta sa na maimaita mata sau biyu. Ta zuge jakar ta ɗora mini a cinya.

"Mama, zan leƙa kasuwa, daga can in wuce kitso. Sai bayan magariba za mu zo ɗaukarta."

Na riƙe jakar da hannu biyu. Ina ji motar ta tashi, ta karya kwana, ƙararta ta ɓace. Daga cikin ɗaki takwarata ta ƙwala mini kira, wai in zo lemu ya ƙare.